Mutumin da ke Riƙe da Ƙwallo

Takardarta ta ce: silinda huɗu,
lita ɗaya da ɗigo shida,
giya biyar ta hannu, ƙofa huɗu,
an ƙera ta tun ban fara aske gemu ba.
Takarda ba ta san gishirin Ikko ba.

Ni na san shi. Na durƙusa a Agege
ina leƙen cikinta kamar mai tayin akuya.
Tsatsa ta cinye gefen salansa,
ta fara lasar gindin ƙofar baya.
Dillali ya rantse, wai ta wata tsohuwa ce a Turai
wadda ba ta fita sai ranar Lahadi.
Agogon tafiya ya ce dubu casa'in.
Robar matakin birki ta ce ƙarya yake,
ta suɗe sumul kamar dutsen wanki.

Na dai biya. Albasa buhu arba'in ta tafi.

Lamidi, bakanike a Ketu,
ya kafa sukundireba a kan inji,
ya ɗora kunne a ƙotar, ya rufe ido
kamar mai sauraron ciki wata bakwai.
Ya ce: Sallau, wannan zai binne ni, ya binne ka.
Ba shi baƙin mai a kan kari,
kada ka bar lagireto da ƙishirwa, shi ke nan.

Bai yi ƙarya ba.
Awa uku a kan doguwar gada, rana tsaka,
ruwa hagu, ruwa dama, ba gaba ba baya,
manyan motoci sun wage baki suna huci,
tawa tana ƙuƙu-ƙuƙu a hankali,
allurar zafi ko gezau.
Mai kuwa kurɓa take, ba ta kwankwaɗa.

Sai wata safiya a hanyar makaranta
Rumasa'u ta miƙo yatsa daga baya:
Baba, wane ne wannan jan mutumin
da ke zaune da ƙwallo a gabansa?
Wata shida yana ci a gaban idona,
ban taɓa tambayar sunansa ba.

Lamidi ya kwance tsakiyar sitiyari.
Inda jakar iska ya kamata ta kwanta
sai tsumma, da jarida mai harshen da ba mu iya ba.
Ashe ta taɓa fashewa a fuskar wani.
Wataƙila ranar Lahadin ce.

Yaronsa ya ce: a cire ƙwan fitilar mana,
ɗari biyar, hankalinka ya kwanta.
Na ce rufe ido ba ya cike rijiya.

A Ladipo, Nduka ya faɗi kuɗin jakar,
na nemi benci na zauna.
Abin da aljihu ya iya shi na saya:
takalmin birki, taya biyu da na karanta shekararsu,
da bel ɗin baya wanda ke kamawa da gaske.

Damina ta zo. Ojota, bayan la'asar,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
danfo ta tsaya cak a gabana don mutum ɗaya.
Na taka, na saki, na taka,
tayoyi suna kuka, ni ina salati,
albasa na birgima a but kamar aradu.
Muka tsaya.
Tsakaninmu bai kai tafin hannu ba.

Da dare uwarta ta nuna min kafaɗar yarinyar,
jan layi daga wuya zuwa ƙirji.
Ban taɓa ganin tabon da na gode wa haka ba.

Har yau fitilar tana ci.
Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin gado,
ya kai rabi, idan kasuwa ba ta faɗi ba.
Kullum da asuba in na murɗa makulli
jan mutumin ne ke fara tashi.
Mu gaisa. In ja bel. In duba na baya.
Ba na wuce sittin.